Marubucin da ya zama maigida: aikin Vince Gilligan daga ciki

Shirin talabijin ɗin Amurka mai suna Breaking Bad kashi 62 ne. A cikinsu 13 kacal ke ɗauke da sunan Vince Gilligan a matsayin marubuci, biyar kuma shi ya ba da umarni. Kashin da masu sharhi da yawa suka fi yabawa, wanda ake kira Ozymandias, Moira Walley-Beckett ce ta rubuta shi, ita kuma ta karɓi Emmy, babbar lambar yabon talabijin ta Amurka, a kansa a 2014. Duk da haka, kowa ka tambaya shirin wane ne, na Gilligan zai ce maka, kuma bai yi kuskure ba.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne kalmar furodusa. A Kannywood in an ambace ta, hankali kan tafi ga wanda ya zuba kuɗi ko ya nemo su. A talabijin ɗin Amurka kuwa babban furodusan da ke tafiyar da shiri kusan kullum marubuci ne, ba aljihunsa ake taɓawa ba, amma shi ke ɗaukar sauran marubuta aiki, shi ke amincewa da jarumi da darakta, shi ke sa hannu a kan kasafi, hoton ƙarshe ma sai ya duba kafin a miƙa wa tasha. Gilligan bai faɗo kan wannan kujera daga sama ba. Sai da ya ɗanɗana matsayin marubuci a fim ɗin silima tukuna, inda marubuci baƙo ne, baƙon ma da ba a cika tambayarsa ko ya ƙoshi ba.

An haife shi a Richmond ta jihar Virginia a watan Fabrairun 1967, ya karanci fim a Jami'ar New York. Tun yana ɗalibi ya rubuta labarin Home Fries, wanda ya ci gasar rubutun fim ta gwamnan Virginia a 1989. Cikin alƙalan gasar akwai Mark Johnson, furodusan Rain Man, shi ya ja shi jiki ya buɗe masa ƙofar Hollywood. To amma duba lissafin. Labarin da ya ci gasa a 1989 bai zama fim ba sai 1998, shekara tara ke nan. Wani labarin nasa, Wilder Napalm, ya riga shi fitowa a 1993, kasuwa kuma ta ƙi shi ƙememe. A duka biyun wani ne darakta, wani ne ke yanke hukunci.

Wannan ba rashin sa'ar mutum ɗaya ba ne, haka tsarin yake. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, rubutun da aka yi wa kamfani bisa kwangila, kamfanin ne mawallafinsa a idon shari'a, wanda ya sayar da nasa ma yakan miƙa haƙƙin gaba ɗaya. Da zarar an biya ka, kamfani na da damar ɗauko wani ya sake rubutawa, ya kuma ɗauko na uku ya gyara na biyun. Abin da ya rage wa marubuci shi ne sunansa a fuskar fim, shi ma ƙungiyar marubuta ta Amurka, WGA, ke tantance shi. In labari ƙirƙirarre ne tun asali, marubucin da ya zo daga baya sai an tabbatar rabin rubutun ƙarshe nasa ne kafin a sa sunansa. In daga littafi ko wani tushe aka ɗauko, kashi 33 cikin ɗari ya isa. In an yi jayayya, marubuta uku 'yan ƙungiya ke karanta dukkan daftarorin, an ɓoye sunaye an maye su da haruffa, su yanke hukunci. Har alamar da ke tsakanin sunaye biyu tana da ma'ana: alamar & na nufin tare suka zauna suka rubuta, in kuwa an rubuta kalmar Turancin nan "and" da haruffa, to ɗaya ya yi ya tafi, ɗayan ya zo ya ɗora. Fim ɗin Hancock na Will Smith, wanda ya fito a 2008 ya tara sama da dala miliyan 600, yana ɗauke da sunan Vy Vincent Ngo da na Gilligan ta wannan hanya ta biyu. Ngo ya rubuta asalin tun 1996, labarin ya yi ta yawo daga hannun wannan darakta zuwa wancan, Gilligan ɗaya ne daga waɗanda aka kira gyara. Ana maganar suna da zafi haka ne don kuɗin maimaici, wato abin da ake biya duk lokacin da aka sake sayar da fim, wanda sunansa ya fito kaɗai yake bi.

Makarantarsa ta gaskiya ita ce The X-Files, shirin Chris Carter a tashar Fox. Rubutunsa na farko a can, Soft Light, an nuna shi a 1995, labarin wani masanin kimiyya ne da inuwarsa ke hallaka duk wanda ta taɓa. A daftarin farko inuwar tana tashi ta yi tafiyarta ita kaɗai. Aka cire wannan saboda tsadar zana ta, aka bar inuwa a manne da mai ita, sai tsoron ya koma kan fitila: duk inda haske ya faɗo ta bayan mutumin, wanda ke gabansa ya shiga uku. Darasin farko ke nan, kuma shi ne ya bi shi har yau. Abin da kasafi ya hana, sau da yawa shi ke tilasta wa marubuci ya nemo abin da ya fi.

Daga nan ya shiga ɗakin marubutan shirin, ya zauna har aka rufe a 2002, sunansa a kan kashi wajen talatin. Tsanin da ya hau matakai takwas ne, kuma haka yake a kusan kowane shiri: marubucin ɗaki, editan labari, babban editan labari, mataimakin furodusa, furodusa, furodusa mai sa ido, mataimakin babban furodusa, sai babban furodusa. Duk waɗannan marubuta ne, sunan ne ke sauyawa tare da albashi da nauyi. Na ƙasa yana kawo shawara ya rubuta abin da aka ba shi. Na tsakiya ana tura shi wajen zaɓen 'yan wasa da wurin ɗauka. Na sama yana zama a ɗakin tacewa, yana sake rubuta aikin na ƙasa cikin dare ba tare da ya sa sunansa ba, yana kuma amsa wayar shugabannin tasha. A shirin da ke fitar da kashi 20 zuwa 25 a shekara, babu ranar da aiki ke tsayawa: ana tsara kashi na goma, ana rubuta na tara, ana shirin ɗaukar na takwas, ana ɗaukar na bakwai, ana tace na shida. In marubuci ya makara da kwana biyu, ma'aikata sama da ɗari ne za su tsaya ana biyansu suna jira.

A wannan ɗaki ya koyi aiki da kati, dabarar da ya ɗauka ya tafi da ita Breaking Bad, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Allo ne mai laushi da ake soka wa fil, sai ƙananan katuna, kowanne inci uku a biyar, bai wuce tafin hannu ba. Allo ɗaya kashi ɗaya. An raba shi layi biyar: share fage, sannan babi huɗu. Rabon nan ba adabi ya kawo shi ba, talla ce. A awa ɗaya ta tashar da ke rayuwa da talla, labari minti 44 zuwa 47 yake samu, sauran na masu talla ne, don haka dole kowane babi ya ƙare a wurin da mai kallo ba zai iya sauya tasha ba. Marubuta shida ko bakwai su zauna kewaye da tebur a ofishinsu na Burbank a Kalifoniya, ba mai rubuta zancen baki ko ɗaya tukuna. Tambaya ɗaya suke ta nanatawa a kan jarumin shirin, Walter White, wanda ake kira Walt: ina hankalin Walt yake a yanzu, me yake so, me yake tsoro? Sai an yarda da abin da zai faru a fitowa ta farko sannan a rubuta shi da maka a kan kati, cikin 'yan kalmomi, a soke shi a allo, a wuce ta biyu. Ba a tsallake. Kashi ɗaya kan cinye mako biyu zuwa uku a haka.

Ƙanƙantar katin ita ce amfaninsa. Fitowar da ba za ta shiga kati ɗaya ba, ba a gama fahimtarta ba. In kuma aka zare kati daga tsakiya aka ga na gabansa da na bayansa sun haɗu lafiya, to dama zaman banza yake yi. Sai allo ya cika ake miƙa wa mutum ɗaya ya je ya mayar da shi tsarin labari a rubuce, kamfani da tasha su yi gyaransu, sannan ya rubuta cikakken wasan, shafi hamsin da 'yan kai, kowane shafi kimanin minti ɗaya. Sunan da ka gani a farkon kashi na wanda ya yi wannan zaman ƙarshe ne. Ƙashin bayan labarin kuwa na ɗaki ne baki ɗaya, maganar ƙarshe a ɗakin kuma ta Gilligan ce. Amsar tambayar kashi 13 cikin 62 ke nan.

Tsakanin 2002 da 2007 abubuwa ba su yi masa daɗi ba. The Lone Gunmen, reshen The X-Files da ya ƙirƙira tare da abokan aikinsa, tun a 2001 ya yi kashi 13 aka soke shi. Wani shirin 'yan sanda da ya rubuta wa CBS, Battle Creek, aka ajiye shi a durowa. Cikin wannan zaman ne abokinsa Thomas Schnauz, shi ma marubucin da ba shi da aiki a lokacin, ya yi masa raha a waya cewa su sayi motar nan mai ɗaki a ciki su riƙa dafa ƙwayar metamfetamin suna yawo. Daga rahar aka samu Walter White, malamin kimiyyar sinadarai ɗan shekara hamsin da aka gano yana da ciwon dajin huhu. Sabon abin da Gilligan ya kawo ba ƙwayar ba ce. Talabijin ta ginu ne a kan kada jarumi ya sauya, don a iya nuna kowane kashi a kowace rana har shekara goma. Shi kuma ya ce zai ɗauki mutumin kirki ya mai da shi mugu a hankali, abin da ke nufin shirin na da ƙarshe tun daga ranar farko.

Kamfanin Sony Pictures Television ya karɓa, amma kamfani ba tasha ba ne, kuma bambancin na da muhimmanci. Kamfani ke shirya shiri ya mallake shi. Tasha hayarsa take yi na ɗan lokaci, kuɗin hayar kuma yawanci bai kai abin da aka kashe ba. Giɓin kamfani ke ɗauka, da fatan zai fanshe daga sayarwa ƙasashen waje, faifan DVD da maimaici. Shi ya sa mai shiri ke da iyayen gida biyu, ɗaya na son a rage kashewa, ɗaya na son masu kallo a daren nan. HBO da TNT suka ƙi, FX ta nuna sha'awa ta janye, Showtime kuma tana da Weeds, labarin matar da ke sayar da wiwi. Aka ƙare a AMC, tashar tsofaffin finafinai da a lokacin ta fara gwada nata shirye-shiryen da Mad Men. Da shugabanninta suka yi ɗari-ɗari da ba Bryan Cranston rawar Walter White, don sun san shi ne a matsayin uban barkwanci a Malcolm in the Middle, sai aka nuna musu Drive, kashin The X-Files na 1998 da Gilligan ya rubuta, inda Cranston ya fito a mutum mai mugun baki da ƙiyayya amma yana mutuwa kana jin tausayinsa. Cranston ya ci Emmy huɗu da rawar Walter White.

Asalin labarin a Riverside ta Kalifoniya aka ajiye shi. Sony ta ce a tafi New Mexico, inda a lokacin jihar ke mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe a cikinta. A shirin da kowane kashi ke cin kusan dala miliyan uku, wannan ba abin da za a yi musu a kai ba ne. Shawarar farko ita ce a ɗauka a Albuquerque a ce Kalifoniya ce, wanda ke nufin sauya lambar kowace mota da kauce wa duwatsun Sandia duk lokacin da kyamara ta dubi gabas. Gilligan ya ce a mai da labarin na Albuquerque kawai. Hamadar nan da faffaɗan sararin sama da suka zama fuskar shirin, rangwamen haraji ne ya kawo su.

An fara nunawa ranar 20 ga Janairu, 2008, ana tsakiyar yajin aikin marubuta da ya fara 5 ga Nuwamba, 2007 ya ƙare 12 ga Fabrairu, kwana 100. Kashi tara aka yi oda, bakwai aka samu. Akwai labarin da ya bazu cewa yajin aikin ne ya ceci Jesse Pinkman, abokin Walt a harkar ƙwaya, wanda aka shirya kashewa a ƙarshen zangon farko. Gilligan da kansa ya gyara wannan, ya ce tun kashi na biyu ya ga abin da Aaron Paul, mai fitowa a matsayin Jesse, ke yi ya fasa. Abin da yajin ya hana shi, a faɗarsa, shi ne gaggawa: kashi biyun da suka rage za su ƙone labari da yawa tun ba a je ko'ina ba.

Wurin ɗauka kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Kwana takwas ake ba kowane kashi, wato kusan shafi shida a rana, alhali babban fim ɗin silima shafi biyu ko uku yake yi. Mataimakin darakta yana raba kowane shafi gida takwas ya auna tsawon kowace fitowa da su, sannan ya jera ranaku ba bisa tsarin labari ba, bisa wuri: duk abin da ke faruwa a gidan White a ɗauke shi a jere, ko da ɗaya a farkon kashi yake ɗaya a ƙarshe. Tashi daga wuri zuwa wani a tsakiyar rana na cin sa'o'i, don manyan motoci ne za su yi ƙaura. Fitowar dare na ture jadawalin gobe, saboda ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa ta ba jarumi hutun awa 12 kafin a sake kiransa, in an karya a biya tara. Kowane gyara da aka yi wa rubutu ana buga shi a takarda mai launi dabam, fari, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore, don kowa ya san wane shafi ne a hannunsa. Kafin a fara, mai shiri kan zauna da darakta su bi rubutun layi-layi, a faɗa masa abin da ake nufi da kowace fitowa. Darakta a nan shi ne baƙon: ya zo, ya ɗauka, a ba shi kwana huɗu ya yi tasa tacewar, ya tafi wani shirin. Marubucin kashin shi ake turawa Albuquerque ya tsaya a bayan kyamara a madadin ɗaki.

Masu kallo na yabon shirin da cewa komai an tsara shi tun farko. Zango na biyu kaɗai aka yi wa haka, shi ne mai 'yar tsanar nan ruwan hoda da ke yawo a kwamin wanka tun kashi na farko, har aka gano daga jirgin sama ta faɗo. Ko shi ɗin bai tsira ba. Tuco, dillalin ƙwayar da aka so ya daɗe yana addabar Walt, sai aka kashe shi a kashi na biyu, don Raymond Cruz da ke fitowa a matsayinsa na da alƙawari da shirin The Closer. Gurbin da ya bari ne ya buɗe wa Gus Fring hanya, mugun da ya saɓa da Tuco ta kowace fuska, mai sanyin murya da guga a riga. A kashin ƙarshe na zangon ana buƙatar lauya Saul Goodman ya zo ya share ɗakin da budurwar Jesse ta mutu, Bob Odenkirk mai fitowa a matsayin Saul kuma yana can yana aikin How I Met Your Mother. Aka ƙirƙiro wani dattijo mai suna Mike ya zo a madadinsa, aka ba Jonathan Banks. Mike ya zauna har cikin zango na biyar, ya kuma zama rabin shirin da ya biyo baya. A zango na uku kuɗi suka ƙare, aka rubuta kashin da ake kira Fly: mutum biyu, ɗakin gwaji ɗaya da an riga an gina, ƙuda ɗaya. Babu ƙaurar motoci, babu tarin 'yan wasa. Har yau masu kallo sun rabu biyu a kansa, amma ya mai da kasafi kan hanya.

Akwai kuma ramin da suka haƙa da hannunsu. Zango na biyar ya buɗe a Yulin 2012 da Walt ya tara gashi da gemu, shi kaɗai a gidan abinci ranar da ya cika 52, ya karɓi makullin mota a bayi, ya buɗe but, ga mashingan M60 a kwance. Gilligan ya sha faɗa cewa a ranar da suka rubuta wannan ba su san wa za a harba da ita ba, kuma sun yi watanni suna da-na-sani. Ba a iya yin kamar an manta, don duk mai kallo ya gani. Mutum mai ciwon huhu kuma ba zai ɗauki bindiga mai wannan nauyi ya yi ta harbi kamar soja ba. Mafitar ta fito daga tambayar nan ta kullum, wane ne Walt: mai haɗa abubuwa ne da hannunsa. Sai ya ɗora ta a kan ƙarfe mai juyawa a cikin but, ya haɗa da makullin mota. Dabarar ta yi aiki, amma ganganci ne, kuma shirye-shirye da yawa da suka kwaikwayi irin wannan alƙawari sun kasa cika shi.

Duk wannan da ƙyar ya kai ga ƙarshe. Kashin farko mutum miliyan 1.4 suka kalla, ƙarshen zango na huɗu bai kai miliyan biyu ba. A 2011 AMC ta nemi zangon ƙarshe ya tsaya a kashi shida zuwa takwas, Sony ta fara tuntuɓar wasu tashoshi, aka daidaita a kan 16 da za a raba shekara biyu. A shekarar ne kuma tsofaffin zangunan suka hau Netflix. Shirin da ba a iya shigarsa daga tsakiya, wanda hakan aibi ne a tashar mako-mako, ya dace da wanda zai zauna ya kalli kashi biyar a dare ɗaya. Da aka dawo a Agustan 2013 masu kallo sun kai miliyan 5.9, kashin ƙarshe na 29 ga Satumba ya tara miliyan 10.3. Gilligan ya gode wa Netflix a bainar jama'a a daren Emmy na shekarar. Ribar wannan ciniki dai ta Sony ce, mai mallaka. Aaron Paul ya faɗa a lokacin yajin aikin 'yan wasa na 2023 cewa ba ya samun komai daga Netflix a kan shirin.

Inda gwajin ya gaza shi ne wajen masu kallo. Lissafin shi ne a hankali za su janye daga Walt yayin da yake lalacewa. Da yawa ba su janye ba, sai ma suka juya fushinsu kan matarsa Skyler, wadda laifinta shi ne ta ƙi yarda da ƙaryarsa, har Anna Gunn da ta fito a matsayinta ta yi rubutu a New York Times a 2013 kan zagin da take sha. Ba a wanke marubuta daga wannan ba. In ka shekara biyar kana nuna duniya ta idon mutum ɗaya, kana ba shi fitowa mafi daɗi da magana mafi kaifi, duk wanda ya tare masa hanya zai zama abokin gaba. Gilligan ya gane haka. Da WGA ta karrama shi a Fabrairun 2025, roƙon da ya yi wa marubuta shi ne su ƙara rubuta mutanen kirki, don miyagun da ake zanawa a matsayin gargaɗi sun koma abin sha'awa.

Bayan 2013 sunansa ya zama jari, kuma an ga iyakar jarin. CBS ta zaro Battle Creek daga durowa bayan shekara goma da 'yan kai, ta ba shi kashi 13 kai tsaye, David Shore ya tafiyar da shi, aka nuna a 2015 aka soke. Suna a fuskar shiri ba ya maye gurbin zama a ɗaki. Better Call Saul kuwa, wanda suka ƙirƙira da Peter Gould, da farko wasan barkwanci na rabin awa aka so ya zama, kuma sun ɗauka jarumin, Jimmy McGill, zai rikiɗe ya koma lauya Saul Goodman tun a zangon farko. Kati ya ƙi ba su hanya, don kowane mataki sai ya samu dalili, rikiɗar ta ja shekaru. Gilligan ya ja baya ya bar wa Gould ragama, shirin ya yi kashi 63 daga 2015 zuwa 2022, aka sa shi takarar Emmy sau 53 bai ci ko ɗaya ba. Ya koma fim a 2019 da El Camino, wannan karon shi ne marubuci shi ne darakta. Pluribus, wanda ya fara a Apple a Nuwamban 2025 da Rhea Seehorn a gaba, an ba shi zango biyu tun ba a ɗauki komai ba. Waɗanda ke jagorantar sashen shirye-shiryen Apple, Zack Van Amburg da Jamie Erlicht, su ne shugabannin Sony da suka karɓi Breaking Bad tun farko.

Tsanin da ya hau kuwa ya kakkarye. Shirin dandalin intanet kashi takwas ko goma ne, wani lokaci shekara biyu tsakanin zango da zango. Kamfanoni suka koma tara marubuta kaɗan na 'yan makonni, su rubuta komai, a sallame su kafin a kunna kyamara. Marubuci sai ya kai matakin furodusa a takarda bai taɓa tsayawa a wurin ɗauka ba, bai san abin da fitowar dare ke ci ba, bai taɓa ganin yadda edita ke ceto fitowar da ta mutu ba. Yana cikin manyan dalilan yajin aikin WGA na 2023, daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, kwana 148. Yarjejeniyar da aka cimma ta sa ƙa'ida: shirin da bai wuce kashi shida ba marubuta uku, daga bakwai zuwa 12 biyar, daga 13 zuwa sama shida, sai dai in mutum ɗaya aka ɗauka ya rubuta duka. Dole kuma a riƙe marubuta biyu tare da mai shiri a lokacin ɗauka, marubucin ɗaki ma yanzu ana biyansa kuɗin rubutu daban da albashin mako. Gennifer Hutchison ta fara ne a matsayin mataimakiya a ofishin The X-Files, ta zama mataimakiyar marubuta a Breaking Bad, aka ba ta kashinta na farko a zango na uku, ta kai babbar furodusa a Better Call Saul. Tafiyar ta ɗauke ta kusan shekara ashirin, a cikin shirye-shirye uku da kowannensu ya wuce kashi sittin.